Gicciyen da Wisa Ya Saƙa

Asabar, 8 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Duk wanda ya buɗe littafin nan ba da izinina ba, ya sani Allah yana kallonsa. Yustina 'yata, in ke ce, rufe ki mayar inda kika ɗauko. Amma tunda kin riga kin buɗe, karanta wannan ki ƙaru: za ki mutu. Ni ma zan mutu. Bayan haka za a tashe mu duka da ƙashinmu da namanmu mu tsaya a gaban Almasihu, kuma ranar ba wanda zai ce a ba shi zuwa gobe. Mai son rai na har abada yau yake tuba. Shekara ashirin da takwas ina faɗar wannan a gidan nan, ban gaji ba.

Abuna Arsaniyus, firist ɗinmu, shi ya sa na sayi littafin. Tun farkon azumi ya ce, "Ummu Wisa, duk zuwan da za ki yi furta zunubi, na maƙwabta kike kawo mini. Na haddace na unguwarku kaf. Je ki rubuto naki." Na saya. Sai yau na sa masa biro, don ban ga abin rubutawa ba.

Gobe Lahadin Dabino. Bara war haka Labib, mijina, yana zaune a bakin ƙofa, ganyen dabino har gwiwarsa, yana saƙa wa yaran unguwa gicciye da zobe da ɗan jaki. Bana watansa shida a kabari. Na sayo wa Yustina na kasuwa. Saƙar banza, kafin gobe ta warware.

Mutum ɗaya ne ya iya saƙar Labib, mai ɗauri uku a tsakiya kamar zangarniyar alkama. Ba a ambaton sunansa a gidan nan. Zan rubuta sau ɗaya: Wisa, ɗana na fari. Ranar arba'in ɗin ubansa, gida cike da mutane, na ce wa mata kukan ya isa haka, Labib zai tashi. Sai yaron nan ya ajiye tiren shayi ya ce, "Mama, ni na sa shi a rami. Ba abin da zai tashi." A gaban baffansa Zikri, a gaban kowa. Na nuna masa ƙofa. Na rantse ba zai ƙara taka ta ba sai ya durƙusa ya janye maganar a gaban waɗanda suka ji ta. Yanzu can yake kwana a kan dutse, inda suke yankan farin bulo. Wata biyar. Daidai na yi.

Lahadi, 9 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

Coci ya cika har waje. Da aka gama sujada aka canza labule zuwa baƙi, aka fara jana'izar kowa da kowa. Kowace shekara sai na yi faɗa a kan wannan. Mutane sun sani sarai a Makon Shan Wahala ba a yi wa kowa addu'ar jana'iza, makon na Ubangiji ne shi kaɗai. Shi ya sa ake yi mana tamu yau muna tsaye da ƙafafunmu, a yayyafa mana ruwa, wanda ya mutu cikin makon wannan ce tasa. Amma da an ba su Jibi, gurasa da ruwan inabin Ubangiji, sai su kama hanya, wai wake na kan wuta.

Na fita na koro 'yan mata huɗu da ke hira a bakin famfo. Na ɗan jima a waje. Da na dawo an fara yayyafi, ruwan ya same ni a goshi.

Ummu Nazir, matar Zikri, ta zungure ni. "Fayiza, lafiya? Kin dawo kamar wadda ta haɗiyi ƙwallon dabino." Na ce azumi ne.

Ba abin da ya faru a waje.

Litinin, 10 ga Afrilu, ƙarfe tara na safe

Na gyara durowar zannuwa. Ba ta buƙatar gyara.

Talata, 11 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Muna tsince wake Yustina ta ce, "Mama, in an yanka agwagwa ranar Idin Tashi, in ajiye wa Wisa cinya? Ni zan kai masa, ba sai kin gan shi ba."

Na ce, "Wa ya yi miki maganar cinya?"

"Ba kowa. Ai ita yake so."

Na ce a bar maganar sai bayan Idi. Ta ce, "Ke da kike cewa babu gobe?" Shekararta goma sha tara, bakinta ya fara tsawo. Na ce ta kula da waken, ta bar tsakuwa biyu.

Daga yammacin yau an daina sumba da gaisuwar hannu har Idi, saboda sumbar da Yahuza ya ci amanar Almasihu da ita. Na tuna mata.

Laraba, 12 ga Afrilu

Larabar Ayuba, ta Makon Shan Wahala. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe abokan aikin Wisa suka zo, su uku, fari fat da ƙura, ba wanda ya iya kallona.

Alhamis, 13 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na safe

Ba zan rubuta abin da injin yankan dutse ya yi wa Wisa ba.

Fuskar ba ta taɓu ba. Sun wanke shi, amma maza ba su iya wanka ba, akwai farar ƙura a cikin kunnensa na hagu. Na sa gefen gyalena na goge. Yustina ta faɗa kansa tana sumbatarsa a goshi, a ido, ko'ina. Ni na tsaya. Laraba ce. An hana.

Jiya da la'asar muka kai shi coci. Aka ajiye akwatin a tsakiya, ba turare, ba waƙar jana'iza. Aka ci gaba da karatun makon kamar kullum, shi yana kwance yana jira. Abuna ya fito da 'yar kwalba, sauran ruwan Lahadi, ya yayyafa wa katakon. Na ji wata a bayana ta ce, "Ruwa a kan akwati ai ba ɗaya ba ne da mutum ya zo da ƙafarsa."

Kusa da ubansa aka sa shi.

Babbar Juma'a, 14 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na yamma

Tun safe a coci. Na yi rusunawa ɗari huɗun da ake yi a wannan rana duka, ban tsallake ko ɗaya ba, gwiwoyina sun kumbura. Da suka zo waƙar ɓarawon da aka gicciye a daman Almasihu, wanda ya roƙa a numfashinsa na ƙarshe aka karɓe shi nan take, na daina bin waƙar. Shi ba wanda ya ce masa ya je ya dawo.

A gida mata sun cika tsakar gida. Ummu Nazir ta riƙe hannuna, ta manta da hanin, ta ce, "Fayiza, ke kam kin fita haƙƙinsa. Kin gargaɗe shi, kin hore shi, me ya rage? Mutum ya ƙi coci wata biyar, ko ruwan Lahadi bai zo ya tara ba. Allah dai ya yi masa sauƙi, amma kai." Sauran suka ce haka ne, da kowace uwa kamar ni take da garin nan ya gyaru.

Na ce su sha shayinsu kafin ya huce.

Lahadi, 16 ga Afrilu, Idin Tashi, ƙarfe goma na safe

An ce mini Almasihu ya tashi, na ce haƙiƙa ya tashi. Sau talatin ko fi na faɗa.

Ban karɓi Jibi ba. Na ce wa Ummu Nazir na sha ruwa da mantuwa. Tun ina 'yar shekara bakwai ban taɓa rasa Jibin Idi ba.

Ba a yanka agwagwar ba. Tana nan tana yawo a kan soro.

Litinin, 17 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Kowa ya tafi bakin kogi shan iska da kifin gishiri da albasa, kamar yadda aka saba washegarin Idi. Yau ce bayan Idi.

Alhamis, 20 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Na sha gaya wa yarinyar nan kada ta taɓa durowata. Wai baƙin gyale take nema. Ina murhu ta shigo da shi a tafin hannunta, ɗan gicciye na ganyen dabino, ɗauri uku a tsakiya.

"Mama, wa ya saƙa wannan?"

Na ce na babanku ne, na bara.

Ta ce, "Na bara ga shi can a saman ƙofa, ya bushe ya yi ja. Wannan da sauran kore a jikinsa." Ta juya shi. "Baba ba ya jan ɗauri haka. Mama. Ya zo?"

Na ce miya za ta ƙone.

"Ki bar ta ta ƙone! Ya zo ko bai zo ba?"

Na ce ba a yi wa uwa tsawa, kuma Allah yana jin ta. Ta ce, "To, ya ji mu mu biyu." Ta ajiye shi a kan buhun gari ta fita. Na mayar da shi ƙarƙashin zannuwa.

Asabar, 22 ga Afrilu, ƙarfe takwas na safe

Tana share gida, tana dafa abinci, tana ajiye mini nawa a rufe. Ba ta ce mini Mama ba tun Alhamis.

Lahadi, 23 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya na rana

Lahadin Toma. Abuna ya ce almajirin nan, Toma, ya yi mako guda cur yana cewa shi bai yarda Almasihu ya tashi ba, a cikin ɗaki ɗaya da sauran, yana cin abinci da su. Ya ce, "Ni abin da ke ba ni mamaki, ba wanda ya kore shi. Da a garinmu ne, da ya kwana a titi, Ubangiji ya zo bai same shi a ɗakin ba." Mutane suka yi dariya.

Wa'azi ya yi tsawo. Kuma bai kamata firist ya riƙa sa mutane dariya a gidan Allah ba.

Laraba, 26 ga Afrilu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Mako biyu.

Juma'a, 28 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Na kama kaina ina wani tunani yau ina cuɗa gari. Na ce da ma yaron nan shi ke da gaskiya. Da ma ba abin da zai tashi. Da maganar ta ƙare a rami, shi ya yi shiru, ni na yi shiru, shi ke nan.

Amma ana tashi. Na san ana tashi, ban taɓa shakka ba ko na minti ɗaya, kuma yau shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Zai tashi da idanunsa biyu. Zai neme ni a cikin taron nan, ya san tsayina, ya san tafiyata. Shekara ashirin da takwas ina tsorata mutane da ranar, ban taɓa tunanin akwai wanda zan kasa kallo a cikinta ba.

Abuna ya ce in rubuta nawa. To.

Ranar Lahadin Dabino, da na koro 'yan matan, na gan shi a jikin katanga bayan famfo. Kayan aiki ne a jikinsa, ƙurar dutse har gashin ido. Ya rame. Yana murmushi. Murmushin ne ya ɓata mini rai. Wata biyar ina shirya ranar dawowarsa, kuma a shirina kuka yake yi.

Ya ce, "Ummu Wisa, har yau ke ce 'yar sandan coci?"

Na ce, "Me ya kawo ka?"

Ya ce, "Jiya na ga ganye a kasuwa, hannuna ya kama saƙa shi kaɗai. Ina ɗauri na uku sai na ji kamar Baba na tsaye a kaina yana cewa na ja da yawa. Mama, ni yanzu ban san me na sani ba. Ina dai so in shiga in tsaya a yayyafa mini ruwan. Ko can baya ne, wajen takalma."

Ya miƙo mini gicciyen. Na karɓa na tura a jaka da sauri don kada a gani.

Na ce, "Haka za ka shiga gidan Allah kamar buhun gari? Kuma rantsuwata fa? Sai ka zo gida tukuna ka durƙusa a gaban baffanka."

Ya ce, "To, mu je yau."

Na ce, "Makon nan ba na wannan ba ne. Bayan Idi."

Ya ce, "Bayan Idi." Ya yi 'yar dariya. "To, a ajiye mini cinya." Ya sunkuyo zai sumbaci hannuna, na janye, don kada ya shafa mini ƙura a baƙar rigata. Ranar ba a hana ba tukuna.

Ya juya ya tafi. Ni na shiga, ruwan ya same ni a goshi.

Talata, 2 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Na kai wa Abuna littafin. Bakina ya ƙi, sai na buɗe shafin na miƙa masa. Ya karanta. Da ya ɗago gemunsa a jiƙe yake.

Ya ce, "Wa ya ba ki mabuɗin gidan nan, Ummu Wisa? Ni kaina riƙo aka ba ni."

Na ce, "Abuna, gaya mini abu ɗaya. A wane gefe zai tashi?"

Ya ce, "Ba ni ke rabawa ba, ke ma ba ke ba ce, ko da yake kin daɗe kina neman aikin. Abin da na sani, yaro ya sauko daga kan dutse da ƙafarsa ya zo ƙofa. Ubangijin da ya zo nema ya gan shi. Tsayinki bai kai ki tare masa ba."

Na gaya masa maganar Laraba, da ban sumbace shi ba. Ya ce, "Sumbar cin amana aka hana. Taki ta cin amana ce?" Na ce ban sani ba. Har yanzu ban sani ba.

Ya ɗora mini gicciye a ka ya yi addu'ar kwance zunubi. Na tashi zan tafi ya ce, "Tsaya. Allah ya yafe nasa. Amma sunan yaron yana bakin mata, suna cewa ya mutu yana ƙin Allah, kuma ke kaɗai kika san ba haka ba ne. Ni ba zan iya faɗa ba, abin da na ji a nan a nan yake mutuwa. Ki mayar masa da abinsa."

Na ce zan duba lokacin da ya dace. Ya kalle ni kawai. Na ji abin da na faɗa.

Asabar, 6 ga Mayu, ƙarfe tara na safe

Su wa za su ƙara jin maganata in na faɗa? Ni ce nake koya wa 'yan mata a makarantar Lahadi. Ni ake kira in amarya ta yi yaji.

Laraba, 10 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

Ta kan katanga na ji Ummu Nazir tana zagin ƙaramin ɗanta don ya makara coci. "Ci gaba, ɗan banza, ci gaba! Sai ka yi mutuwar Wisa, a kai ka ba turare ba waƙa!"

Ina tsaye da tsintsiya. Yustina tana shanya. Ta juyo ta dube ni, ta daɗe tana duba na. Na ci gaba da shara.

Alhamis, 18 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Ranar Lahadi ce arba'in ɗin Wisa. Na sa an yanka agwagwar.

Lahadi, 21 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Yau ya sami turarensa. Kwanakin murnar Tashi ne, don haka da muryar Idi aka ambaci sunansa, har da kuge. Na karɓi Jibi? A'a. Na ce sai na dawo daga wani wuri tukuna.

A gida ɗakin nan ne, mutanen nan ne, Zikri a kujerar nan tasa. Tiren shayin ma shi ne. Ummu Nazir ta fara, "Allah ya jiƙansa duk da dai," sai na tashi na shiga ɗaki na ɗauko gicciyen na ɗora a kan tire.

Na je gaban Zikri, daidai inda na ce yaron ya durƙusa, na durƙusa. Gwiwata ta yi ƙara, kowa ya ji.

Na ce, "Wisa ya zo ranar Lahadin Dabino. Ya zo da wannan. Ya roƙe ni ya shiga a yayyafa masa ruwa, na ce sai bayan Idi. Ni na mayar da shi. Kuka ce bai zo ba, na yi shiru kwana arba'in don ku ci gaba da yabona. Duk wadda ta tsorata ɗanta da sunansa, ta canza, ta sa nawa."

Ummu Nazir ta ce, "Haba Fayiza, tashi mana, ga maza." Na ce ba ita nake jira ba.

Zikri ya ɗauki gicciyen ya kai kusa da idonsa, don ba ya gani sosai. Ya shafa ɗaurin da babban yatsa. Ya ce, "Ya ja da yawa. Kullum Labib sai ya gaya masa." Daga nan ya rufe fuska da hannun rigarsa. Wasu mata biyu suka tashi suka fita ba sallama. Ban ce su dawo ba. Gobe garin nan zai sha labari, ya sha.

Yustina ce ta ɗaga ni. Ta hau kujera ta rataye gicciyen a saman ƙofa kusa da na ubansu. Da mutane suka watse ta kawo mini abinci, da cinyar a kai. Ta ce, "Ci, Mama." Na kasa. Ita ma ta kasa. Muka zauna muna kallonta har ta huce.

Ba zai dawo ta ƙofar nan ba. Sai dai in gan shi ranar, kuma yanzu ina jin zan iya ɗaga kai ko kaɗan ne. Hannun da na janye shi zan fara miƙa masa.

Yustina, na san kina karantawa, na ga kin canza wa littafin wuri. Ga dokar gidan nan daga yau, ki riƙe, ki koya wa 'ya'yanki. Duk wanda ya zo ƙofar nan yana neman a karɓe shi, da ƙura ko da wanka, da kuka ko da dariya, a buɗe masa a lokacin. Tambaya sai bayan ya ci abinci. Wanda kuwa ya ce masa ya je ya dawo, ko ni ce, ki kama hannunsa ki kai shi ƙarƙashin ƙofar nan, ki sa ya ɗaga kai.